Ta'aziyyar Metir Hamani

A shekarar 2009 Basira Hamani tana sakatariya a wani buro na gwamnati a Birnin Ƙonni. Wata abokiyar aikinta ce ta buɗe mata shafin Fesbuk, ita kuma duk ranar Asabar sai ta shiga sibar, shagon intanet ɗin da ke kusa da tasha, ta zauna gaban inji tana neman waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare a Badagishiri. Wasu suna Yamai, wasu Kwatano, ɗaya ma yana Faransa. Sun buɗe dandali na tsofaffin 'yan lakwal ɗin garin, suna tuna baya suna tsokanar juna.

Wata Asabar da hantsi ta buɗe dandalin. Hoton da ke sama ya riƙa fitowa a hankali, hula ta fara bayyana, sannan goshi, sannan tabarau mai ɗaure da zare. Mahaifinta ne, tsohon malaminsu, tsaye gaban allo. A ƙasa wani Yasir ya rubuta da Faransanci cewa Allah ya yi wa Metir Hamani rasuwa jiya Juma'a. Mutum talatin da wani abu sun riga sun yi addu'a.

Basira ta fita waje ta kira salular tsohon, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Innarta ba ta da waya, yayanta Ilyasu kuma yana cirani a Abijan. Sai zuciyarta ta ce mata ɓoye mata ake yi har a samu wanda zai zo ya faɗa mata baki da baki, kamar yadda aka yi lokacin rasuwar kakarta.

Ko gida ba ta koma ba, ta shiga motar Tawa. A Tsarnawa direba ya tsaya ɗaukar buhunan albasa, ita tana ta ja wa mahaifinta Ƙulhuwallahu a zuci. Matar da ke gefenta ta miƙo mata ruwa, ba ta tambaye ta komai ba.

Da ta sauka Badagishiri ta doshi gida da sauri. Ƙofar gida babu tabarmi, babu taro. Ta tarar da innarta tana tankaɗen gari.

"Lahiya, Basira? Mi ya hwaru?"

"Inna, ina Baba?"

"Yana garka mana, tun da sahe."

Basira ta juya da gudu ta gangara kwari. Can tsakanin fangalin albasa da kabeji ta hango shi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana jan guga. Ta zauna dirshan cikin laka tana kuka tana dariya.

Tsohon ya yar da guga ya taho. Da ƙyar ta iya ba shi labari. Ya cire hula.

"Inna lillahi. To ai Hamani Alkasum na, wanda ya canje ni aji shidda. Na ji yana jinya Illela. Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki." Ya dube ta. "Salula kuwa batir ya ƙare tun Laraba. Ban kai ta caji ba."

Suka zauna gindin mangwaro. Ya wanke mata karas biyu. Bayan ta ɗan natsu sai ya yi gyaran murya.

"Su yaran nan, mi suka ce a kaina?"

Basira ta faɗa masa abin da ta iya tunawa. Ishaku, wanda yanzu likita ne a Maraɗi, ya ce Metir ne ya saya masa takalmi ranar jarrabawa. Wata Zainabu ta ce ba don shi ba da an cire ta daga lakwal. Wani kuma ya rubuta cewa ya yafe masa bulalar lissafi.

"Wa ya ce haka?"

"Mahamudu Takama."

"Shi ya kamata ya nemi gahwarata. Bakwai sau bakwai bai taɓa sani ba."

Washegari suka je Illela tare, suka yi wa iyalan Hamani Alkasum gaisuwa. Matarsa ta ba Basira hotonsa guda ɗaya, ta ce a dawo mata da shi.

Ranar Litinin bayan tashi daga aiki Basira ta koma sibar, ta sa aka ɗora hoton, ta rubuta cikakken sunan mamacin da shekarun da ya koyar. Yasir ya ba da haƙuri har sau uku, ya ce a waya aka faɗa masa, suna kawai ya ji. Waɗanda Hamani Alkasum ya koyar suka fara shigowa da addu'o'insu. Ishaku kuma ya roƙi lambar mahaifinta, ya ce shekara goma sha tara bai ji muryarsa ba.