Sawun Ƙofar Kicin

Ruwa ya fara tsattsafowa daga gindin bangon kicin a shekarar da matarsa ta rasu. Tsohon ya zuba masa ido, kamar yadda ya zuba wa komai ido tun daga lokacin. Sai da lema ta ci hanya ta shiga falo, ta kumbura littattafan da ke layin ƙasa na kanta, sannan ya yarda Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kawo mai gyaran famfo.

Mai gyaran ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa daɓe da ƙotar guduma.

"Baba, bututun nan a ƙarƙashin siminti yake. Akwai zanen inda ya bi?"

"Akwai, a cikin kan matata. An binne ta da shi."

Mai gyaran ya sosa ƙeya. Ya ce to sai dai ya fara fasawa daga ƙofar banɗaki, ya biyo baranda har kicin, inda ya tarar da yoyon, nan zai tsaya.

"Fasa duk inda ka ga dama," in ji tsohon, "amma ban da nan."

Ya nuna bakin ƙofar kicin. A wurin akwai sawun ƙafar hagu a cikin siminti, ƙarami, babban yatsan ya ɗan ware. Tun lokacin da ake daɓen gidan marigayiya ta taka shi yana ɗanye. Shekara da shekaru yana yi mata tsiya a kai, yana cewa ya auri mace mai ido biyu da ba ta kallon gabanta, ita kuma sai ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Yanzu kowace safiya, idan zai dafa shayi, sai ya tsallake wurin. Ko tsintsiya a hankali yake bi da ita ta nan.

Auta ta tsuguna tana kallon sawun.

"Baba, ai ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani a bayan ƙofar banɗaki, akwai kuma a ƙarƙashin firji."

"Kin ga ni? Har sau nawa mutum zai taka siminti bai ankara ba?"

"Da gangan ta yi. Ina ƙarama, ina riƙe da bakin zanen da ta ɗaura ranar. Ta tambayi masu aikin duk inda suka haɗa bututu da bututu, ta bi tana takawa. Ta ce takarda ɓata take yi a gidan nan, musamman idan ta shiga cikin littattafanka."

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta faɗa. Kana karatu."

Aka ture firji. Ga sawun nan, cike da ƙura. Mai gyaran ya duba na banɗaki, ya taɓa shi, a bushe. Ya dawo ƙofar kicin ya ɗora tafin hannunsa kusa da sawun, ya ɗago ya nuna musu. Hannun ya jiƙe.

"Allah ya jiƙan Mama. Nan ne, Baba. Idan na buɗe nan kaɗai, ba sai na taɓa sauran gidan ba."

Tsohon ya zauna a kujerar roba da ke baranda. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ta yi daidai, kuma babu ita balle ya musa. Ta ajiye masa alama don a fasa, shi kuma ya mai da ita abin lallaɓawa.

"Idan ba a gyara ba fa?"

Mai gyaran ya ce, "Bangon zai zauna ya zube, Baba. Ba bana ba, amma zai zauna."

"Ni ma ai haka."

Auta ta harare shi irin hararar uwarta. Ya kau da kai.

"Za ka iya yanke sawun gaba ɗaya, ka ɗaga?" ya tambayi mai gyaran.

Mai gyaran ya ce zai gwada. Ya bi gefen sawun da injin yanka, a hankali, ya sa ƙarfe ya banƙare. Simintin ya tsufa, ruwa kuma ya cinye shi ta ƙasa. Dunduniyar ta rugurguje, yatsun suka fito ɗungurungum. A ƙasa ga mahaɗar bututun, ta tsage, tana fesar da ruwa siriri kamar zare.

Auta ta wanke guntun simintin, ta miƙa wa mahaifinta. Ya juya shi a hannu, sannan ya kai shi layin sama na kanta, inda lema ba ta kaiwa.

Da yamma mai gyaran ya sauya mahaɗar, ya cike ramin, ya shafe sabon siminti sumul. Ya ce kada kowa ya bi ta wurin sai gobe.

Tsohon ya cire silifa, ya dafa kafaɗar Auta, ya ɗora ƙafarsa ta hagu a tsakiya, ya danna. Simintin da sanyi.

"Baba, ka karkace."

"Ba ado ba ne. Ke dai ki faɗa wa yaranki me yake nufi. Kuma ki tabbatar ba sa karatu lokacin."