Kafin Ruwa Ya Wanke Gishiri

A duk faɗin ƙauyen Lönnbyn babu wanda ya kai Östen tsoron gishiri. Ba na miya ba, wannan kam da hannu sake yake zuba shi. Wanda motar hukuma ke bi tana watsawa a kwalta duk tsawon sanyi, don kada ƙanƙara ta riƙa jefa motoci a rami, shi ne abokin gabarsa. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Buick shuɗiya ta 1957 da ya saya tun yana da gashi a ka, kuma shekara talatin da ɗoriya ƙasanta bai taɓa ɗanɗana gishiri ba. Da ganye ya zube, sanyi ya kusa, sai ya shigar da ita tsohon ɗakin shanun mahaifinsa, ya cire batir ya kai cikin gida, ya ɗora ta a kan katako don tayoyi su huta, ya toshe salansa da tsumma saboda ɓeraye, sannan ya lulluɓe ta da zanen gado. Ba ta ƙara ganin rana sai an yi ruwan kirki, ba yayyafi ba, wanda zai wanke titi tas. Shi ya kafa wannan doka, kuma duk masu tsofaffin motoci a ƙauyen suna bin ta, wasu don sun yarda, wasu don gudun bakinsa.

Idan ruwan ya sauka titi ya bushe, sai a sa ranar fitar farko. Motoci su jeru a gaban coci, a tafi a hankali har bakin tafki a sha kofi a dawo. Buick ce a gaba kullum, kuma tun da Evert abokinsa ya rasu, matarsa Majvor ce ke zama a kujerar gaba, da ɗankwalinta mai furanni da kwandon burodin kirfa a cinya. Östen yana son Majvor. Yana son ta so na tsufa, mai nauyi marar baki, kuma bai taɓa faɗa mata ba. A ganinsa kujerar ta riga ta faɗa. Ai ko ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya a baya take zama, ita ma sai ta kakkaɓe takalmi.

Sau ɗaya ne aka taɓa samun ɗan tsami tsakaninsu. Ylva, 'yar Majvor, ta sa aurenta a watan Maris, uwar ta zo da kanta ta roƙi a kai amarya coci a Buick. Östen ya leƙa taga ya ga titi fari fat, ya ce ba zai yiwu ba. Ya yi mata bayanin yadda gishiri ke shiga lungun ƙarfe ya kwanta, ya ci daga ciki ba a gani, har sai an wayi gari an danna yatsa ya lume. Majvor ta saurara har ya gama, ta ce ta gode, ta tafi. Aka kai amarya a motar yau da kullum da aka ɗaura wa ƙyalle. Ba ta sake ta da maganar ba, shi kuwa ya ɗauka ta wuce.

Sai ga Ragnvald ya dawo. Ɗan ƙauyen ne, ya yi shekaru a Norway yana aikin injin jiragen ruwa, ya dawo da gashinsa cif da haƙoransa cif da wata dariya da ake ji tun daga gada. Ya sayi gidan da ke bayan coci, ya gina gareji mai ɗumi kamar ɗakin jego, ya ajiye wata jar Chevrolet marar rufi a ciki. Duk wannan Östen ya iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne tagar kicin ɗinsa tana kallon ƙofar gidan Majvor ta tsallaken fili, kuma tun daga tsakiyar sanyi ya fara ganin ƙaramar motar Ragnvald ta zirga-zirga tana tsayawa a can. Da farko ranar Asabar kawai. Daga baya har Talata da Alhamis.

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai ga Östen a bakin taga ba. Ya matsar da teburin cin abincinsa don ya fi gani. Kofi ya riƙa hucewa a hannunsa. Idan hayaƙi ya tashi daga bututun gidanta sai ya ce ai burodin kirfa ne ake gasa wa mai haƙora. Idan bai tashi ba sai ya ce to me suke yi da har aka manta da wuta. Da ya haɗu da Majvor a kanti ta gaishe shi da fara'a, sai fara'ar ma ta ba shi haushi, don ya san ba shi ya sa ta ba. Bai tambaye ta komai ba. Ya dai ce mata farashin man shanu ya tashi.

Watan Afrilu ya shigo da rana mai kyau amma babu ɗigon ruwa. Dusar ƙanƙara ta narke daga gonaki tana gangarowa titi, kwalta ta yi fari kamar an barbaɗa gari, kududdufai kuwa ruwan gishiri ne zalla. Ranar Alhamis masu tsofaffin motoci suka taru a bayan gidan mai kamar yadda suka saba, ana shan kofi ana kallon sama. Östen ya maimaita musu karatunsa na kowace shekara, cewa mai gaggawa shi ke sayen tsatsa. Ragnvald ya bari ya kai aya, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Maƙwabci, bana fa ka nemi wata 'yar rakiyar. Majvor ba za ta shiga motarka ba."

"Ta wa za ta shiga?"

"Ga gidanta can. Ko shi ma sai an yi ruwa za ka je?"

Aka kwashe da dariya. Ragnvald ya ƙara da cewa shi kam ranar Lahadi in rana ta yi kyau za a ji ƙarar wani inji a ƙauyen nan da aka daɗe ba a ji ba. Östen ya ajiye kofinsa rabi ya tafi gida. A hanya abu ɗaya yake gani, jar mota marar rufi, da ɗankwali mai furanni yana kaɗawa a kujerar gaba, da dukan ƙauye a bakin titi. Kujerar nan ita ce kaɗai abin da ya mallaka a wajen Majvor. In ta zauna a ta wani, shi ke nan ba shi da komai.

Ranar Asabar da safe ya buɗe ɗakin shanu. Ya yaye zanen gado, ya sauko da motar daga kan katako, ya duba mai, ya mayar da batir, ya zaro tsumman salansa. Da ya murza makulli ta yi tari, ta sake tari, sannan ta kama da wannan gurnanin nata mai taushi. A bakin ƙofa ya taka birki ya tsaya yana kallon inda tsakuwar gidansa ta ƙare farar kwalta ta fara. Ya daɗe a nan. Sai ya hango ƙaramar motar Ragnvald a inda ta saba tsayawa, ya saki birki.

Gidan Majvor kusa ne ta fili, amma a mota sai an zaga ta gada, kuma a gindin gadar ne ruwa ke taruwa. Ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane kududdufi, har ya zo wanda ba ya kaucuwa. Ya ji ruwan ya fantsama a ƙarƙashinta, ya ji shi har cikin haƙoransa. Bai gama jin wannan ba sai ga wata katuwar motar katako ta wuce da gudu ta yi masa wanka tun daga bamba har gilashi. A gaban kanti mutane suka tsaya da jakunkuna a hannu suna kallo. Wani daga cikin 'yan bayan gidan mai ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar gawa ce ke wucewa. Mai dokar barci dai ya ɓige da gyangyaɗi, kuma a tsakiyar kasuwa.

Ya tsaya a ƙofar Majvor ya danna hon. Ba daga cikin gida ta fito ba, daga rumfar baya ta fito, sanye da tsohuwar rigar aikin Evert, hannayenta baƙi ƙirin da man inji. Ƙofar rumfar a buɗe take. A ciki ga tsohuwar Volvo ɗin Evert da ba a tayar ba tun rasuwarsa, an wanke ta tana sheƙi, ga ƙafafun Ragnvald sun leƙo daga ƙarƙashinta. Ashe abin da ake yi ke nan duk sanyin nan. Majvor ce ta ce ta gaji da zama a kujerar mutane, tana so bana ta tuƙa motar mijinta da kanta, shi kuma Ragnvald yana koya mata. Gobe Lahadi za su tayar da injin a cikin rumfa, ko taya ɗaya ba za ta taka titi ba sai an yi ruwa.

Östen ya ji kunya, amma kada a ce kishin ya tafi. Bai tafi ba, wuri ya canza. Me ya sa ba shi ta tambaya ba? Shi da ya san motar Evert kamar tafin hannunsa?

Majvor ta zaga Buick a hankali. Ta sa yatsa ta shafi farin da ya fara bushewa a gefen ƙofa, ta duba yatsan, ta dube shi.

"Östen, gishiri ne wannan."

"Na sani."

"Ranar auren Ylva ma irinsa ne a titi."

Östen ya kau da kai ya dubi farin kwaltar.

"Don 'yata ba ka fito da ita ba. Don ka ga motar wani a ƙofata ka fito." Ta goge yatsan a rigar. "Kana so ka san me ya sa ban zo wajenka ba? Na taɓa zuwa."

Maganar ta shige shi. Shekarun nan duka yana ganin ya ba ta kujerar gaba, ashe ita tana zaune a kai ne da wannan a ranta. Ragnvald ya turo kansa daga ƙarƙashin Volvo, ya ga Buick, ya yi fito. Ya ce maza Östen ya juya gida ya ɗaga ta ya bi ƙasanta da ruwa tun gishirin bai kwanta ba, don in ya bushe a lungu sai dai haƙuri. Gaskiya ya faɗa, kuma Östen ya fi kowa sanin gaskiya ce. Majvor kuwa ta ce ita dai ta ɗora kofi, ga burodi ya fito daga wuta, duk mai sha ya shigo. Ta juya ta shige gida ba ta waiwaya ba.

Östen ya tsaya da makulli a hannu. In ya tafi ya ceci motar, Ragnvald zai zauna a teburin nan shi kaɗai, kamar Talata da Alhamis. In ya zauna, gishiri na can yana aikinsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga.

Ya zauna inda yake ganin motar ta taga, abin da bai kamata ya yi ba. Rana na dukanta, farin yana ƙara fitowa, ruwa na ɗiga daga ƙasanta. Ragnvald yana ta zuba labarin jiragen ruwa yana cin burodi kamar gidan ubansa, har ya san inda ake ajiye sukari ba a nuna masa ba. Wannan ma Östen ya gani. Ya shanye kofinsa. Majvor ta ɗaga buta ta tsaya a kansa ba ta zuba ba, tana jira. A Lönnbyn kofi na farko na kowa ne, ko mai kawo wasiƙa ana ba shi. Na biyu shi ne na wanda ya zo zama. Östen ya kalli taga, sannan ya tura kofinsa gaba.

Ragnvald ne ya kasa daurewa. Mutumin inji ne, ba ya iya zama yana kallon ƙarfe na lalacewa, ko da na wanda ba ya ƙaunarsa ne. Ya miƙe ya ce akwai tiyo a bayan rumfa, akwai jak, in Östen ya yarda zai matsar da ita kan ciyawa ya wanke mata ƙasa. Ya faɗa ne da rabin dariya, don duk ƙauyen an san ko bakanike bai taɓa riƙe sitiyarin Buick ba.

Östen ya dubi hannun da aka miƙo masa, babban hannu mai baƙin mai a farce, wanda zai murɗa makullinsa, ya zauna a kujerarsa, ya shiga ƙarƙashin motarsa. Ya dubi Majvor, ta zauna tana kallon kofinta. Ya zaro makullin ya ajiye a tafin Ragnvald.

"Giyar baya tana da gardama. Kada ka tilasta mata."

Ƙofa ta rufe. Can suka ji injin ya tashi a hannun wani, Östen ya runtse ido har ƙarar ta lafa. Da ya buɗe, sai ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya ba taga baya. Majvor ta tura masa farantin burodi. Ta ce Volvo ɗin tana da kujerar gaba ita ma, amma duk wanda zai zauna a kai ranar fitar farko sai ya bar tasa motar a gida, kuma ba ta son a riƙa gaya mata yadda ake tuƙi.

Östen ya ce zai yi ƙoƙari ya yi shiru. Daga waje ana jin ruwan tiyo yana dukan ƙarfe, bai juya ba.