Wadda Aka Kashe a Takarda

"Ku kuka kashe ta, Bong Tae-sik, kai da ubanka. Sojan Japan ya fara, ku kuka ƙarasa."

Haka na faɗa masa yana bakin ƙofa, bai ko gama cire takalmi ba. Gawar tana kwance a bayana, na rufe ta da bargonta mai faci. Shi ɗan wanta ne, ya hawo lungunmu na kan tudu a birnin Busan cikin baƙar kwat, yana haki kamar an sa shi dole.

"Iya, ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Don su ji nake yi! Shigo ka gai da gwaggonka."

Ya tsaya yana kallon silin. "Matar nan za a ƙone ta gobe. Ba sai an tara mutane ba."

Matar nan. Ko a gawa bakinsa ya kasa cewa gwaggo.

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da ita. Duk unguwa 'Yar Hadong ake ce mata, da sunan garinsu, yadda ake kiran kowacenmu. Ni Yaya nake ce mata. Tare muke sayar da tsiron wake a kasuwa, tare muke cusa kabeji a randa in sanyi ya gabato. Ba ta haihu ba, kuma ba ta wanka in da mutum a kusa. Ban taɓa tambaya ba.

Sai ranar da aka nuna wata tsohuwa a talabijin tana faɗin abin da sojoji suka yi mata. Muna tsince wake. Yaya ta ajiye kwanon a hankali ta ce, "Ƙanwata, ni ma."

Tana 'yar shekara goma sha shida aka ce za a kai ta masaƙa. Ɗaki aka kai ta a sansanin sojojin Japan, an rataye katako a ƙofar da sunan da ba nata ba, Miyako. Shekara huɗu. Da ta dawo, wanta ya tare ta a ƙofar gida ya ce, "Ƙanwarmu ta mutu, mun yi mata makoki." Ya je ya sa aka soke ta a littafin iyali na hukuma. Tun daga nan duk shekara sai su jera wa fatalwarta shinkafa da kifi, su sunkuya, su gaishe ta. Mai ran kuwa tana nan tana kwana da yunwa. Ku gaya mini, wane irin mutunci ne wannan?

Da aka ce masu irin nata su je a rubuta su, sai ta je wajen mai sassaƙa ya yi mata hatimi na icce, ɗan tsito kamar ƙaramin yatsa, tunda takarda ba ta tafiya sai da hatimi. Ni da ita babu mai karatu. Ta riƙa juya shi tana dariya. "Wai duk wannan ni ce. Bong Mal-sun. Kin ga ƙafafuna?"

"Ga su nan a karkace, kamar na gasken," na ce.

Na raka ta ofis. Akawun ya buɗe littafi, ya dube ta, ya sake duban littafin. "Baba, ai ke kin rasu."

"To ɗana, ba a sanar da ni ba."

Ya ce sai wani na jini ya zo ya shaida ita ce. Sau uku muka je gidan Tae-sik. A na ukun ya leƙo ta ƙofa ya ce auren 'yarsa ya kusa, surukai masu bincike ne, a bari biki ya wuce. Biki ya wuce. Aka yi haihuwa. Tari ya kama Yaya.

Kwanakinta na ƙarshe ko kunun shinkafa ba ya wucewa. Ta sa na ɗauko likkafanin da ta ɗinka da hannunta, babu ƙulli ko ɗaya a zarensa, don kada mamaci ya tafi a ɗaure. Jiya da hantsi ta ce, "An zo daga ofis?"

Na ce, "Suna hanya." Ƙarya na yi mata. Ta danƙa mini hatimin, ta juya fuska bango.

Yanzu ga Tae-sik ya fito da jan ƙyallen da ake rubuta sunan mamaci a kai, a shimfiɗa kan akwatin gawa. Ban iya karatu ba, amma ba makauniya ba ce ni. Babu komai a jikinsa.

"Ina sunan?"

"Iya, ki gane. Sunan yana kan wani kabari a Hadong tun tuni."

"Kabarin da babu kowa a ciki? Kai, marar kunya!"

Na fizge ƙyallen. Ja ne, jar tawada ba za ta fito a kansa ba, sai na jefar. Na yaye bargon, na dangwala hatimin a tawada, na danna shi a ƙirjin farin likkafaninta. Hatimin bai taɓa hawa takarda ba. Na danna a hannun riga, na danna a gefe, na yi ta dannawa har tawadar ta ƙare.

Hatimin yana ɗaure a wuyana. Gobe in an gama zan koma ofishin, daga can in hau jirgin ƙasa zuwa Seoul, inda tsofaffi masu irin nata suke zaman neman haƙƙi ran Laraba a ƙofar ofishin jakadan Japan. Zan ajiye shi a gabansu, da jan yatsana. Wanda ya rataye katakon, da wanda ya soke sunan, da wanda ya ce a bari biki ya wuce, wani a cikinku ya fito ya gaya mini: wace ce na wanke yau da safe?