Bidiyon Ranar Suna

Malam Ɗalha mai hoto ya fi shekara ashirin yana ɗaukar mutanen Jakara da kewaye, amma da ya rasu aka nemi hotonsa aka rasa. Biki, suna, saukar karatu, walimar alhazai, duk da shi ake yi, sai dai kullum yana bayan kyamara. Abin da matarsa Nana Hauwa ta samu shi ne hoton katin zaɓe, wanda ya ɗaure fuska a ciki kamar an yi masa laifi, alhali duk wanda ya san Ɗalha ya san bakinsa ba ya rabuwa da fara'a.

Sai kuma bidiyo guda ɗaya. Ranar sunan 'yarsu Jamila, wadda suka samu bayan doguwar jira, ƙaninsa Nazeer ya fizge kyamarar ya juya ta kansa. Ga Ɗalha zaune a zaure da jaririya a hannu, hula ta karkace, yana yi mata magana yana dariya, yana ɗaga wa Nazeer hannu ya sauke abin nan. Bidiyon yana cikin kwamfutar shago, domin wayar Nana Hauwa ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar irin wannan kaya.

Bayan ta fita takaba sai ta mai da shi al'ada. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci, Nazeer, wanda shi ke riƙe da shagon yanzu, ya kan bar mata makulli. Ta taso daga Mandawari riƙe da hannun Jamila, su shiga su turo ƙofa, ta kunna. Jamila ta kan manna yatsa a gilashin ta ce ga Abba. Nazeer ya sha cewa zai zuba mata bidiyon a filash ta ajiye a gida, ita kuma ta ce ba gaggawa, tunda marigayin yana da wata 'yar baƙar na'urar ajiya da yake kwafe komai a ciki saboda tsaro.

Wata Laraba da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida Nazeer ya yi sallama ya shigo. Bai zauna a kan tabarmar da ta nuna masa ba, ya tsuguna a bakin rijiya yana murza hularsa. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce jiya ya sauko da wata manhajar gyaran hoto ta kyauta daga intanet, wadda wani abokinsa ya yaba masa. Yau da ya kunna kwamfutar sai ya tarar babu hoton da yake buɗuwa. Sunayen fayilolin duk sun canza, an liƙa musu wasu haruffa a wutsiya, kuma a kowace folda an ajiye saƙo da Turanci cewa an kulle komai, sai an biya kuɗin fansa za a ba da mabuɗi.

Nana Hauwa ta ajiye rariya. Ba ta gane rabin abin da ya faɗa ba, amma ta tambayi abin da ya dame ta.

"To ai akwai baƙar na'urar nan ta yayanka."

Nazeer ya sunkuyar da kai. "Anti, tana jone da kwamfutar lokacin. Ita ma ta kamu."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗauki mayafi ta bi shi shagon, ta zauna a kujerar da ta saba zama, ta danna inda ta saba dannawa. Wani ɗan akwati fari ya fito da rubutu. Ta rufe ta sake dannawa, ya sake fitowa. Tana nan zaune masu shawara suka cika shagon. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya ce a yi wa kwamfutar fomatin kawai, a goge komai a huta. Wani ya ce ya san wani yaro a Sabon Gari da ke buɗe kowace irin waya. Ga kuma dangin wata amarya sun zo karɓar hotunan bikin da aka yi makon jiya, Nazeer yana ta ba su haƙuri a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga.

Surukarta Hajiya 'Yardada ce ta tuna da Zainab, 'yar wata ƙawarta, wadda ta karanci kwamfuta take da ɗan shagon gyara a Ƙofar Ruwa. Aka ɗauki kwamfutar da na'urar a adaidaita aka kai mata. Zainab doguwa ce marar yawan magana. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an goge wani abu, da aka ce a'a ta yi hamdala. Ta hana a jona kwamfutar da intanet, ta kwafe duk abin da ke ciki a kulle yadda yake zuwa wata na'urar, sannan ta wanke cutar da manhajar nan ta shigo da ita. Ta gaya musu cire cutar abu ne mai sauƙi, amma ba shi ke buɗe fayil ba, kamar yadda korar ɓarawo ba ya buɗe ƙofar da ya datse ya tafi da makullin. Ta ce akwai irin wannan cuta da masana suka riga suka samo mabuɗinta suke rabawa kyauta, za ta gwada. Ta gwada duk waɗanda ta samu, babu wanda ya shiga. Tasu sabuwa ce, kuma mabuɗinta yana hannun waɗanda suka turo ta.

A cikin saƙon ɓarayin akwai wani tayi. Sun ce a turo musu fayil ɗaya su buɗe kyauta, don a tabbatar da gaske suna da mabuɗin. Nana Hauwa ta ce a tura bidiyon. Zainab ta tura ta wani imel da ta buɗe don wannan kawai, washegari amsa ta dawo cewa ƙaramin fayil suke nufi, bidiyo sai an biya. Zainab ta buɗe foldar da Ɗalha ya sa wa suna Gida ta ce wa Nana Hauwa ta zaɓi hoto ɗaya. Marigayin ba ya sa wa hotuna suna, lambobi ne kawai a jere, layi bayan layi. Nana Hauwa ta daɗe tana kallonsu, ta yi bismilla ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

Hoton da ya dawo na tsakar gidansu ne bayan an ɗauke ruwa. Robobi a jere ƙarƙashin indararo, ga bangon ɗaki da ya tsage, wanda Ɗalha ya ɗauka don ya nuna wa magini. Babu kowa a ciki. A can gefe, rabi a ciki rabi a waje, ga silifas ɗinsa a ƙofar ɗaki. Nan ne kukan ya ƙwace mata, a shagon mutane, har Zainab ta tashi ta saki labule.

Daga nan ta ƙudurta biya. Ta ce za ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da keken ɗinkinta, Hajiya 'Yardada ta ce ita ma za ta sa hannu, ai ɗanta ne. Zainab ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ta ga waɗanda suka biya aka buɗe musu, ta kuma ga waɗanda suka biya aka ƙara musu farashi ko aka yi shiru da su, kuma duk abin da aka ba mutanen nan da shi za su kama wani gobe.

"Na ji," in ji Nana Hauwa. "Amma ke ba mijinki ba ne a ciki."

Zainab ta ce haka ne, Maman Jamila. A hanyar gida maganar ta yi ta cin Nana Hauwa, don yarinyar ba ta yi mata komai ba sai alheri.

Ba a kai ga sayar da komai ba. Da Zainab ta sake rubuta musu don jin yadda za a yi, saƙon ya dawo, adireshin ya mutu. Ta gwada na biyun da suka bayar, shi ma haka. Ta ce irin waɗannan mutane haka suke, ko an matsa musu sun gudu, ko sun sauya sheƙa sun bar waɗanda suka kulle a baya. Nana Hauwa ta ji kamar an sake fita da makara daga gidanta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta san fuskar wanda za ta yi wa Allah ya isa ba. Wani ne can a wata ƙasa, bai san Ɗalha ba, bai san Jakara ba, mai yiwuwa bai ma san an taɓa yin wannan kwamfutar a duniya ba.

Nazeer ya shiga bin gidajen mutane yana ba da haƙuri. Wasu hotunan aka same su a katin kyamara, wasu a wayoyin waɗanda aka taɓa tura wa. Dangin amaryar suka haƙura da abin da ƙawaye suka ɗauka. Amma aikin shekara da shekaru na marigayin, fuskokin tsofaffin unguwa da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, yana nan a kulle. Nazeer ya daina zuwa cin tuwo gidan yayansa. In ya hango Nana Hauwa a lungu sai ya canza hanya.

Bayan sallar layya Zainab ta aiko a kira ta. Ta ce ba ta so ta sa mata rai, amma ta lura cutar tana da gaggawa. In fayil babba ne, kansa kawai take lalatawa ta wuce, kamar wanda ya ɗaure bakin buhu ya bar hatsin a ciki. In aka samu lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da kyamarar da ta ɗauki wancan, ana iya aron kansa a ɗora. Aka aika wa Nazeer, ya ɗauko tsohuwar kyamarar yayansa daga cikin kwali ya ɗauki bidiyon titin gaban shago ya kawo. Zainab ta yi kwanaki tana fama, wani gwajin ya ƙi, wani ya buɗe da zane-zane kore. Ranar da ta kira su, su huɗu suka je: Nana Hauwa da Jamila da Hajiya da Nazeer, wanda ya tsaya a bakin ƙofa.

Kafin ta kunna Zainab ta ce akwai abin da ya kamata su sani, amma Nana Hauwa ta ce ta kunna kawai.

Farkon ya salwanta, inda Ɗalha ke kare fuska da hannu. Hoton ya ɗan yi rawa ya tsaya. Ga zauren, ga hular a karkace, ga jaririya cikin farin tawul. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Ɗalha ya sunkuya yana magana, kafaɗunsa na girgiza don dariya, bakinsa na motsi, amma babu abin da ke fitowa. Nana Hauwa ta miƙa hannu ta murɗa sifika har ƙarshe, sai wani shuu kamar rediyon da ta ɓace tasha.

Zainab ta ce a hankali, sautin ne ta kasa cetowa. Ta bi duk hanyar da ta sani.

Jamila ta matsa ta manna yatsa a gilashin. Ta juyo ta kalli uwarta. "Umma, me Abba yake cewa?"

Nana Hauwa ta buɗe baki. Ta kalli bidiyon nan Juma'a bayan Juma'a, da za a tambaye ta jiya da ta rantse ta haddace shi. Ta san akwai inda ya ce wa jaririyar ta sha jira, ko kuwa cewa ya yi an sha jiranta. Ta san ya ambaci hancinta. Sauran duk ya zame mata, domin duk zaman da ta yi a gaban kwamfutar muryar take saurare, ba ta taɓa tsayawa kan kalmomin ba. Ta juya wajen Nazeer, tunda shi ya riƙe kyamarar ranar. Ya matso, ya tsuguna kusa da yarinyar, ya ce Abbanta cewa yake ta yi kama da Hajiya. Hajiya ta ce a'a, ita ta ji ya ce da shi take kama. Bidiyon ya ƙare, Jamila ta ce a maimaita, aka maimaita.

Zainab ta zuba shi a filash biyu, ta kuma tura a wayar Nazeer da ta Hajiya, ta ce kada a sake barin abu mai daraja a wuri ɗaya. Sannan ta miƙa wa Nana Hauwa baƙar na'urar a cikin leda. Ta ce kada ta yar, kada ta bari a goge. Wani lokaci akan kama irin mutanen nan a saki mabuɗan, ko bayan shekaru, wani lokacin kuma ba a kama su. Ba ta yi mata alkawari ba. Nana Hauwa ta karɓa da hannu biyu, ta roƙe ta gafarar maganar da ta gaya mata kwanaki, Zainab ta ce ita ta ma manta.

Suka fito titi ana kiran la'asar. Hajiya ta ja Jamila suka yi gaba neman adaidaita. Nazeer ya tsaya baya yana goge ido da hannun riga, ya fara cewa Anti don Allah, ta katse shi. Ta ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, kuma ita ma ya sha ce mata ta karɓi filash ta ƙi. Ta ce ya zo gida anjima, ta jiƙa wake tun safe, ba mai cinye shi in bai zo ba. Ya gyaɗa kai. Ta gyara mayafinta, ta matse ledar a hammata, ta tsallaka titi tana kuka ba sauti, masu babur na kauce mata.