Ƙuri'ar Tanis

Zaɓen bana ya faɗo a tsakiyar girbi, ga shi tun safe rediyo ke cewa ƙanƙara za ta sauka kafin wayewar gari. A gidan su Tanis saura gona ɗaya ta alkama a tsaye, kuma ita ce mafi kyau, ita suka sa wa ido ta kai su baɗi. In ƙanƙara ta kwantar da ita, sai dai a zuba wa shanu.

Da rana ta take, Tanis ta ɗaure 'yarta Lesia a kujerar jarirai a bayan mota, ta ɗauko tukunyar miyar kabeji da burodi da kofi, ta nufi gona. Kayan fita ne a jikinta, don daga can za ta zarce gari ta jefa ƙuri'a. Kwanakin da aka ware wa masu son jefawa da wuri sun wuce tana jinyar yarinyar.

Mazaɓarsu doguwa ce, ta miƙe daga kudu zuwa arewa a yammacin lardin Manitoba, sai mutum ya yi rabin yini yana tuƙi bai fita daga cikinta ba. Kudu fili ne shimfiɗe, baƙar ƙasa da manyan gonaki, mutanen can jam'iyya mai shuɗi suke yi tun kakanni. Arewa duwatsu ne da kurmi da ƙananan gonaki, su kuma mai ruwan goro suke bi tun zamanin da suka haɗa hannu suka gina rumbunan hatsi na gayya. Kujerar majalisar tarayya takan je nan ta dawo can da tazara kaɗan. Yawanci ɓangaren da ya riga gama girbi shi ke tura mutum Ottawa, babban birnin ƙasar, don su ke samun sukunin zuwa rumfar zaɓe.

Su Tanis a tsakiya suke. Surukinta Orest ɗan ruwan goro ne har ƙashi. Maƙwabcinsa Cornie, wanda hanyar tsakuwa ce kawai ta raba gonakinsu, ɗan shuɗi ne. Injin girbi ɗaya suka haɗa suka saya, Orest ke tuƙa shi, kuma ba ya barin kowa ya hau, ko ɗansa Myron, mijin Tanis, wanda ke jigilar hatsin zuwa rumbu. Shekara da shekaru tsofaffin biyu suna da wata yarjejeniya: in zaɓe ya zo da girbi, tunda ƙuri'ar wannan kashe ta wancan za ta yi, sai duk su zauna a gona. Da safe kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa mabuɗin motarsa, sai an rufe rumfa a mayar.

Ta same su sun tsayar da injin a bakin gona. Ta buɗe bayan mota ta zuba musu, suka ci a tsaye.

"Yarinyar nan da ta zo neman ƙuri'ata tana da hankali," in ji Cornie, yana tsoma burodi a miya. "Har karena sai da ta tambayi sunansa."

"Wace yarinya?" in ji Orest. "Ɗan takararku ai namiji ne, mai kai kamar kabewa."

"Wannan naku ne yanzu. Ni an mayar da ni mazaɓar gabas. Sabuwar iyakar ta hanyar nan ta bi."

Orest ya ajiye cokali. Ya dubi hanyar tsakuwar, ya dubi Cornie.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara. Na ɗauka ka sani. Kai ba ka karanta komai sai rubutun jikin buhun taki."

"Wato ka zauna a gida, a gabas ko a jikinsu, can ko jaki aka shafa wa shuɗi zai ci. Ni kuma in zauna, namu su rasa ɗaya a banza. Ba ni mabuɗina, tsohon banza."

"Orest, dubi sama mana."

"Na gani. Ba ni."

Tanis ma ta duba. Arewa ta fara yin duhu, iskar ta juya. Zuwa gari da dawowa, da layi, da tsayawar da surukinta zai yi a ƙofar zauren zaɓe yana gardama da duk wanda ya tanka, ba za su bar musu hasken da zai ishe su ba. In sanyin dare ya sauka alkamar ta yi laushi, injin ba zai ci ta ba.

Ta leƙa mota. Lesia na barci, baki a buɗe. A kwarin da gidansu yake waya ba ta kamawa. Ranar da zazzaɓi ya sa yarinyar ta sanƙare, sai da Tanis ta sa ta a mota ta hau tudu kafin ta samu asibiti a waya. Mai kan kabewar ne kaɗai ya zo har tsakar gidansu, ya ɗaga wayarsa ya ga babu, ya ce zai sa a kafa ƙarfen sadarwa. Ko zai cika, ba ta sani ba. Amma shi ta yi niyyar zaɓa, kuma ba ta faɗa wa kowa ba, ko Myron.

"Dido," ta ce, wato kaka a yarensu, yadda ta saba kiransa tun zuwan jikar. "Ka zauna. Ni ma zan zauna."

"Ke ina ruwanki? Ke je ki, ni ma in je, biyu ke nan."

"Ba biyu ba ne. Tawa kashe taka za ta yi."

Cornie ya ƙware da kofi, ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Orest ya daɗe yana kallonta. "A gidana?"

"A gidanka, Dido. Miyar da ka sha yanzu ma 'yar shuɗi ce ta dafa."

"Ubana da hannunsa ya ɗauki katakon rumbun nan."

"Na sani. Ka sha faɗa mini. Alkamar da za a zuba a ciki ce nake so ta shiga yau."

"Myron ya san haka?"

"Myron ya yi tasa tun makon jiya, ban tambaye shi ba, bai tambaye ni ba."

Tsohon ya goge baki da bayan hannu. Ya sake duban arewa. Sannan ya miƙo mata tafin hannunsa a buɗe.

"Mabuɗi."

"A'a. Ina da jaririya, ba na rabuwa da mabuɗin mota ko don wa. Zan tsaya a nan inda za ka riƙa ganina duk zagayen da ka yi."

"Haka ba a yi."

"To yau an fara."

"Ka karɓa, Orest," in ji Cornie, yana share hawayen dariya. "Ni ne shaida. Kuma ta fi ni kyan gani a bakin gona."

Orest ya janye hannunsa. Ya ɗauki sauran burodin ya cusa a aljihu, ya taka matakalar injin a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Tanis ta tattara kwanuka, ta rufe tukunya. Ta lura iskar na kwaso ƙaiƙayi tana yo wajensu, ga ƙirjin Lesia bai gama warwarewa ba. Ta tada mota ta koma ɗaya kusurwar gonar, ta ɗaga gilasai, ta kashe. Da injin ya juyo zagayen farko, ta ga Orest ya miƙa wuya yana nemanta a inda ya bar ta. Ta kunna masa fitila sau ɗaya, ya mayar da kai kan alkama.