Gashin Kwamanda

Kowa a unguwarmu ya san ni, Abdurazak mai kabu-kabu, ya kuma san karena Kwamanda. Ran nan na tahi da shi gonar kawu a Bambeye, ya yi kokawa da wani baƙon kare. Sati ukku bayan haka ina ba shi tuwo, ya cafke min yatsa. Ɗan cizo ne, jini ɗigo biyu.

Kakata Haula ta ce, "Kamo shi, angona." Ta sa almakashi ta yanko gashin wutsiyarshi, ta ƙona, ta danna min tokar cikin ciwon. Haka ake yi tun zamanin kakanninta, in ji ta, gashin karen da ya cije ka shi ka janye dahin.

Sai ga Rahinatu ta shigo gaisuwa. Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, tana aikin jinya a likita. Ni da ita ba mu gamuwa ba a yi tsiya ba.

"Kai, bawana, mi ya samu hannun?"

"Kwamanda ya gaishe ni. Kaka ta gama aiki, ki maida allurarki jaka."

Ba ta yi dariya ba. Nan na san da magana. Ta dubi karen, ya laɓe ƙarƙashin rumbu yana zubda miyau.

"An taɓa yi mishi rigakafi?"

"Ni kaina an yi min?"

Ta ja ni har bakin pampo kamar akuya. Sabulu, ruwa, sabulu, ruwa, minti goma sha biyar, tana duba lokaci a salula. Kaka na ta faɗa an wanke mata magani.

"Kaka, ki yi haƙuri," in ji ta. "In ciwon haukan kare ne, ranar da ya nuna a jikin mutum, an gama. Ba mai tashi. Allura tun yau, ita kaɗai."

Na ce, "Gobe da sahe, yau kasuwa ta cika."

Ta zare makullin moto ta jefa cikin zanenta. "Zo ka ɗauka, in kai namiji ne."

A ƙasa muka tahi likita, ina gaba tana bayana, abokaina na ihu wai an kama ɓarawo. Aka yi min allurar farko, aka rubuta min ranakun sauran. Likitan dabbobi kuma ya zo ya kulle Kwamanda, ya ce kada kowa ya kusance shi, a zuba mishi ido.

Kwana huɗu ya yi. Ya bar cin abinci, ya riƙa cizon ƙofa, muryarshi ta sake, ya mutu. Na tsaya ina kallon yatsana. Wallahi ban yi wa kowa ba'a ba ranar.

Sauran alluran ba wanda ya ja ni, da kaina na kai hannu. Kaka ma ta aika wa Rahinatu kwanon fura, ta ce a gaya mata tokar dai ta taimaka kaɗan.

Yanzu ina da sabon kwikwiyo, katin rigakafinshi na aljihuna tare da takardun moto. Jiya na sauke Rahinatu bakin likita, gaban mutane ta ce, "Bawana, ka dawo ɗaukata da wuri."

Amsa na bakina, mai zafi. Na haɗiye ta, na ce, "To, uwar ɗakina."