Jiƙa da Jika

Ebere ta iya Hausa daidai cinikin garin rogo a kasuwar Sabon Gari, amma harshenta ya ƙi ƙa da ɗa ƙememe. Kowa dariya yake mata, har da ƙawarta Gumsu, tsohuwar Babarbariya mai turaren wuta a Fagge.

Ran nan jirgi ya kawo wa Ebere rogo daga kudu. Ba irin namu ba ne da ake dafawa a ci da ƙuli. Wannan mai ɗaci ne, dafi na kwance a cikinsa. Akwai kuma wani sinadari a jikin rogon da ke kwance wa dafin ɗauri, amma sai an gurza an jiƙa ya kwana biyu a ruwa yake gama aikinsa, dafin ya fice. In aka dafa shi haka nan, to, a cikin wanda ya ci zai fice.

Gumsu ta shigo kasuwa ta gani ta yaba, Ebere ta ɗibar mata. Ciniki ya yi zafi, sai ta ɗaga murya ta bi ta da gargaɗi: "Mama, jika! Jika!"

Da azahar Agnes mai kifi ta dawo daga Fagge. "Gumsu na ta sa miki albarka," in ji ta. "Wai kin ce rogon na jikanta ne."

Wayyo! Jikan nan Ari ke nan, yaron da bai fi shekara huɗu ba, shi kaɗai marigayi ɗan Gumsu ya bari a duniya. Ebere ta bar rumfa a buɗe ta zura da gudu ba takalmi, tana ture masu kura, tana kiran Allah da yarensu.

Ta faɗa gidan ko sallama babu. Tukunya na gefen murhu, wayam. Ari kuwa na zaune yana wasa da gwangwani.

"Ya ci?" ta tambaya.

"Wannan ja'irin?" in ji Gumsu daga kan tabarma. "Ya ɗanɗana ya tofar, wai ɗaci."

Ebere ta durƙushe ta rungume yaron tana kuka.

"Kada ranki ya ɓaci, 'yata," in ji tsohuwar, tana dafe goshi, gumi na keto mata. "Kyautarki ba ta tafi a banza ba. Ni na cinye."